Yadda Za Ka Haɗa Kundin Waƙoƙin Jiya da na Yau, Ka Raba Shi da Sunayen Masu Shi

Bayan Babbar Sallar bara, kawuna da ke zaune a Mabera ya miƙo mini memorin da aka cika masa da waƙoƙi a wani shago cikin gari, ya ce in nemo masa wata waƙar Narambaɗa da ya daɗe yana marmarin ji. Da na sa memorin a kwamfuta sai na tarar da waƙoƙi sun fi dubu, an zube su wuri ɗaya kamar hatsi a rumbu, mafi yawansu babu suna sai lambobi, masu sunan kuma rabi daidai ne rabi kuskure. Sai a dare na biyu na kai ga waƙar, kuma sunan Musa Ɗanƙwairo aka liƙa mata. Da na kunna masa, na karanta abin da aka rubuta, ya girgiza kai ya ce: "Ɗana, wagga ba muryar Ɗanƙwairo ba ta, Narambaɗa na. Wanda yar rubuta sunan ga bai san kotson Isa ba."

Tun daga ranar na koma haɗa kundin waƙoƙi da hannuna. Abin da nake kira kundi shi ne waƙoƙi 'yan kaɗan waɗanda mutum ya zaɓa da kunnensa, ya jera su da dalili, ya rubuta wa kowacce sunan mai ita da zamaninta, sannan ya miƙa wa wani. Wanda yake son ya haɗa kiɗan fada da na noma da na Indiya da na Sudan da na matasan yau a wuri guda, ba tare da abin ya zama gauraye ba, ga hanyar da nake bi.

Mai sauraro da tsawon kundi

Kafin ka zaɓi waƙa ko ɗaya, ka fara tsayar da wanda kake haɗa wa da kuma inda zai saurara. Direban da ke jigila tsakanin Sakkwato da Illela yana bukatar abin da zai hana shi gyangyaɗi, kuma ƙarar injin za ta haɗiye duk waƙar da sautinta ya yi ƙasa. Dattijon da ke kishingiɗe a zaure bayan La'asar yana da haƙurin jin waƙar fada ta minti ashirin har ƙarshenta, domin yana bin ɗiyan waƙar, wato baitocinta, ɗaya bayan ɗaya, ya san waɗanda ake yabo da waɗanda ake yi wa zambo. Ƙanenka da ke jami'a, wanda bai taɓa zama ya saurari taushi ba, in ka fara masa da wannan doguwar waƙar zai tsallake ta tun kafin 'yan amshi su karɓa sau biyu. Kundi ɗaya ba zai gamsar da mutum ukun nan ba, saboda haka ka rubuta sunan mutum guda a saman takarda, ka riƙa tambayar kanka ko shi zai so wannan waƙar.

Game da tsawo, har yanzu ma'aunin kaset nake bi. Kaset mai minti 90 yana da fuska biyu, kowacce minti 45, kuma waɗanda suka yi zamanin ɗaukar waƙa daga rediyo sun san cewa ƙarancin wurin nan shi ke tilasta wa mutum ya yi zaɓe na gaskiya. Memori mai gigabait 16 zai ɗauki dubban waƙoƙi, amma kunnen mutum bai ƙaru ba. Ka tsaya tsakanin awa ɗaya da awa ɗaya da rabi, wato waƙa goma sha biyu zuwa ashirin gwargwadon tsawonsu. Idan waƙoƙin da kake so sun fi haka, ka ajiye sauran don kundi na biyu.

Inda za ka samo waƙoƙin

Waƙoƙin zamani ba su da wahalar samu, domin mawaƙan da kansu suna ɗora su a YouTube da Audiomack da Boomplay, Spotify ma ya fara aiki a Nijeriya tun 2021. Aikin yana wajen tsofaffin waƙoƙi. Da yawa daga cikinsu an naɗe su ne a gidajen rediyo, musamman Rediyon Kaduna wanda ya fara aiki a 1962 da kuma Rediyon Rima na nan Sakkwato, wasu kuma an ɗauke su a wurin biki ko a ƙofar fada da ƙaramar rikoda, daga nan aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset. Shi ya sa waƙa guda takan zo maka a siga uku ko huɗu, wata sautinta garau, wata kamar daga cikin rijiya, wata kuma an gutsure farkonta. Kada ka ɗauki ta farkon da ta faɗo hannunka. Ka tara duk sigogin da za ka iya samu, ka saurare su a jere, ka zaɓi wadda ta fara daga farkon kiɗa ta kai har inda makaɗan suka ajiye, ko da wata ta ɗan fi ta tsabtar sauti.

Kada kuma ka raina akwatunan da ke gidanku. Tsofaffin direbobi da teloli da masu shayi da iyayenmu mata sukan adana kasusuwan da ba za ka same su a intanet ba. Ka roƙa a ba ka aro, ka faɗi ranar da za ka mayar, ka kuma cika alkawari, domin wanda aka taɓa cinye wa kaset ba ya sake buɗe akwatinsa ga kowa.

Tabbatar da mai waƙa da zamaninta

Wannan shi ne wurin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya raba kundi da tarkace. Sunan da ka gani a jikin fayil ba hujja ba ne. Ka saurari waƙar har ƙarshe da biro a hannu, domin makaɗan baka sukan ambaci sunansu da garinsu a cikin waƙa, haka ma sanƙiran da ke kirari a gefe yakan kira sunan maigidansa.

Idan hakan bai samu ba, sai ka duba kayan kiɗan da kuma wanda ake yi wa waƙar. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru duka da kotso suke kiɗa, shi ya sa masu tura waƙa suke yawan rikita su, amma iyayen gidansu daban ne. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu ne. Ɗanƙwairo daga Maradun ya taso, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya kuma zagaya fadodi da dama kafin rasuwarsa a 1991. Sa'idu Faru ya shahara da waƙoƙin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu, shekaru masu yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Salihu Jankiɗi kuwa taushi yake kaɗawa, a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Idan ka ji kalangu ana zuga 'yan dambe ko manoma da harshen Sakkwatanci, ka fara tunanin Ɗan'anace kafin ka tafi wajen Shata. Amma ka kiyaye abu guda: 'ya'ya da jikokin makaɗa sukan ci gaba da rera waƙoƙin iyayensu da gindi ɗaya, wato amshin da ake maimaitawa, da kiɗa ɗaya, kuma muryoyin gida ɗaya sukan yi kama. A irin wannan hali kunnen dattijon da ya ga mawaƙin da idonsa ya fi duk wani bincike da za ka yi a waya.

Zamanin waƙa ma yakan fito daga cikinta. Waƙar da ke yi wa Sardauna fatan nasara yana Firimiya ba za ta wuce watan Janairun 1966 ba. Wadda ke ambaton Jihar Arewa maso Yamma ta faɗo tsakanin 1967 da 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato. Idan an ambaci Kebbi a matsayin jiha to an kai 1991, Zamfara kuwa 1996. Waƙar da ke zuga sojoji a fagen yaƙin basasa tana tsakanin 1967 da 1970, wadda ke wayar da kai kan komawa tuƙi ta hannun dama kuma ta 1972 ce. Kuɗi ma alama ne, domin naira da kwabo sun fara aiki ne ranar 1 ga Janairun 1973, don haka duk inda mawaƙi ya gode wa wanda ya ba shi naira, waƙar ba ta riga wannan shekara ba. Sai dai ambaton fam da sule shi kaɗai bai isa ya sa ka ce waƙar ta riga 1973 ba, saboda mutane sun daɗe suna kiran naira biyu fam bayan canjin kuɗi. Haka kuma makaɗi yakan yi shekaru yana maimaita waƙa guda yana ƙara mata sababbin ɗiya, sai ka ji gindin tsoho ne amma wani ɗa a ciki na baya-bayan nan ne. Abin da alamun nan suke nuna maka shi ne lokacin da aka naɗi wannan sigar, wanda ba lallai ya zo ɗaya da lokacin da aka ƙirƙiri waƙar ba.

Akwai wata alama ta sauti. Faifan garmaho na dā yawanci ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowace fuska, saboda haka tsohuwar waƙar da ke da ƙaraf-ƙaraf a bayanta, kuma ta ƙare da gaggawa a wajen minti uku, mai yiwuwa daga irin wannan faifai aka kwafo ta.

Idan duk ka bi waɗannan hanyoyi ba ka kai ga tabbaci ba, ka rubuta "ba a tabbatar da mawaƙi ba", ko ka rubuta "wajajen shekarun 1970" maimakon ka ƙaga shekara. Ina ba wannan muhimmanci ƙwarai, domin kuskuren da ka rubuta yau, wanda ka tura wa zai tura wa wasu goma, bayan shekara biyu kuma ya zama abin da kowa ya sani.

Jera waƙoƙin

Hanya mafi sauƙi ita ce jeri bisa shekaru, daga mafi tsufa zuwa sabuwa, kuma tana da amfani idan kundin na ɗalibi ne mai nazari. Amma ga mai sauraro don jin daɗi ban cika son ta ba, saboda tana tara duk waƙoƙi masu raunin sauti a farko, sai mutum ya gaji tun bai yi nisa ba. Abin da ya fi mini shi ne kowace waƙa ta miƙa hannu ga ta gabanta ta hanyar wani abu da suka yi tarayya a kansa, ko kayan kiɗa, ko saurin kiɗan, ko jigo.

Ga misalin fuskar farko ta wani kundi da na haɗa wa ƙanena. Na buɗe da kuntigin Ɗanmaraya Jos, domin tsirkiya ɗaya ce da murya ɗaya, waƙar gajera ce, kuma maganarta a fili take ga matashi. Daga nan na shiga gurmin Haruna Uji, kunne yana nan a kan tsirkiya bai yi tsalle ba. Na uku sai jitar Ali Farka Toure na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, kuma duk wanda ya saba da molo da gurmi zai ji kamar a gida yake duk da harshen ba Hausa ba ne. Daga Mali na tsallaka Sudan, saboda kiɗan Hartum da Omdurman a kan hawan sauti biyar aka gina shi, kamar yawancin kiɗan wannan yanki namu, ga kuma gogen Turawa da suke yawan sawa. Wannan gogen shi ya zama gadar da na bi zuwa wata tsohuwar waƙar Indiya ta Lata Mangeshkar, daga ita kuma zuwa waƙar soyayya ta Hausa ta zamani mai fiyano, inda namiji da mace ke karɓa-karɓa, sai ƙanen nawa ya ji da kunnensa inda salon da ya tashi da shi ya samo wani ɓangare na asalinsa, ba tare da na yi masa lacca ba.

Fuska ta biyu ta ganguna ce. Kalangun Ɗan'anace, sai na Mamman Shata, sai kiɗan apala na Haruna Ishola daga ƙasar Yarbawa wanda shi ma gangar hammata ce ke magana a cikinsa, sai ƙwaryar Barmani Choge don kunne ya huta da muryoyin maza. A ƙarshe na ajiye doguwar waƙar kotso, lokacin da mai sauraro ya riga ya saba da amon fata kuma yana da haƙurin zama da ita.

Kada ka jera waƙoƙi uku masu sauri ɗaya a jere, kuma kada mawaƙi ɗaya ya fito fiye da sau biyu, sai fa idan kundin nasa ne. Idan dole ka taƙaita doguwar waƙa, kada ka yanke ta a tsakiyar ɗa. Ka jira jagora ya sauke, 'yan amshi su koma gindin waƙa, sannan ka sassauta sautin a hankali har ya ɓace, ka kuma rubuta cewa ɓangare ne ba cikakkiya ba.

Akwai kuma ladabin da garinmu ya san shi. Rubutattun waƙoƙin wa'azi da na bege, irin waɗanda aka gada daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u da almajiransu, ba na sa su kusa da kiɗan rawa, kundinsu daban nake yi musu. Akwai mutane da yawa a Sakkwato da ba sa sauraron waƙar da ke da kiɗa sam, kuma tambaya ɗaya kafin ka tura za ta raba ka da jin kunya. Waƙoƙin fada cike suke da zambo da habaici, waɗanda aka yi wa zambon kuma suna da jikoki a raye, wataƙila ma a cikin taron da za a kunna kundin. Wasu waƙoƙin amada da na dandali suna da kalmomin da ba a so yara su ji. Wannan ma dalili ne na sauraron kowace waƙa daga farko har ƙarshe kafin ta shiga jeri.

Ɗauko sauti daga kaset da daidaita shi

Idan waƙar a kaset take, ka fara da duba kaset ɗin kansa. Zafin Sakkwato a watannin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, kuma kaset ɗin da ya yi shekaru a cikin akwatin ƙarfe ko a gaban mota zarensa yakan manne da juna. Ka zura biro a ramin ka juya a hankali ka ga ko yana tafiya, sannan ka sa shi a rikoda ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi farko kafin ka kunna. Ka ɓalle ƙananan haƙoran roba biyu da ke saman kaset, domin da zarar an cire su, ko an danna maɓallin ɗauka bisa kuskure ba zai goge ba. Ka goge kan rikodar da ɗan auduga da sifirit, musamman bayan hunturu lokacin da ƙura ta shiga ko'ina. Kada ka yi aikin da batir mai rauni, saboda zaren zai riƙa jan ƙafa, muryar mawaƙi ta yi kauri fiye da yadda Allah ya yi ta.

Ka haɗa rikoda da kwamfuta da igiyar sauti, daga ramin abin saurare na kunne zuwa ramin shigar sauti. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa wannan aiki. Ka gwada ɗaukar minti ɗaya tukuna, ka tabbata ma'aunin sautin ba ya kaiwa ja lokacin da ganga ta buga da ƙarfi, sannan ka ɗauki fuskar gaba ɗaya ka rarraba waƙoƙin daga baya. Ka adana wannan ɗauka ta farko a tsarin WAV, wanda ke cin kimanin megabait 10 a kowane minti, kada ka taɓa ta, ita ce uwa. Daga gare ta za ka fitar da MP3 na rabawa.

Manhajar tana da hanyar rage shuuu ɗin kaset, amma ina ba da shawarar a taɓa ta kaɗan ko a bar ta. Idan aka matsa mata tana tafiya da amon kotso da zaƙin tsirkiya, muryar ta koma kamar ana magana a cikin ruwa. Abin da ya zama wajibi shi ne daidaita ƙarfin sauti tsakanin waƙoƙi, domin waƙar situdiyo ta yau ta fi ta tsohon kaset ƙara nesa ba kusa ba, kuma mai sauraron da ya ƙure sifika don ya ji taushi zai firgita idan fiyano ya shigo. Ƙaramar manhajar MP3Gain tana daidaita fayiloli da yawa a lokaci guda ba tare da ta rage ingancinsu ba. Bayan haka ka saurari kundin dukansa a irin na'urar da mai shi zai yi amfani da ita, ko rediyon mota ko ƙaramar sifika.

Rubuta suna

Sunan kowane fayil ya fara da lamba mai gurbi biyu, 01, 02, har zuwa ƙarshe, sai sunan mawaƙi, sai sunan waƙa. Idan ka rubuta 1 ba tare da sifiri ba, na'urori da yawa za su sa waƙa ta 10 gaban ta 2. A sunan fayil ina amfani da baƙaƙe marasa lanƙwasa, saboda rediyon mota da ƙananan sifiku sukan nuna ƙ da ɗ da ɓ a matsayin akwati ko alamar tambaya. Amma a bayanan da ke cikin fayil, waɗanda manhaja irin Mp3tag ke ba ka damar cikawa, da kuma a takardar da ke raka kundin, ina rubuta Hausa da ƙa'idarta. A gurbin mawaƙi ka sa mawaƙi, a gurbin sunan faifai ka sa sunan kundin, naka sunan kuma ya tsaya a gurbin ƙarin bayani. Kada ka naɗi muryarka ko lambar wayarka a kan waƙar wani, kamar yadda wasu masu tura waƙa suke yi.

Takardar rakiya ba sai ta yi tsawo ba. Layi biyu ko uku ga kowace waƙa sun isa: wane ne ya yi ta, wa aka yi wa, da wane kayan kiɗa, a wane zamani, daga ina ka samo ta, sai kuma ma'anar kalma ɗaya ko biyu da suka tsufa ko na Sakkwatanci da Zamfarci waɗanda mutumin Kano ko Zariya zai iya tuntuɓe da su.

Rabawa da haƙƙin masu waƙa

Idan duk waƙoƙin suna nan a shafukan da mawaƙan ko magadansu suka ɗora su, hanya mafi tsabta ita ce ka haɗa jeri a can ka tura adireshinsa, domin kowane sauraro yana shiga lissafin mai waƙar. Ka dai ajiye rubutaccen jerin a wajenka, saboda waƙa takan ɓace daga irin waɗannan shafuka ba tare da sanarwa ba.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999, ke nan haƙƙin waƙoƙinsa yana hannun magadansa har ƙarshen 2069. Tsufan waƙa bai mai da ita dukiyar kowa ba. Saboda haka ba na sayar da kundi, ba na ɗora waƙar wani a shafina don in samu kuɗin talla, kuma sabuwar waƙar mawaƙin da ke raye yana ci da sana'arsa adireshinta kawai nake turawa. Tsofaffin kasusuwan da babu su a ko'ina kuwa, ina raba su ne tsakanin dangi da abokai, kuma idan za a fitar da su ga duniya, to a nemi iyalan makaɗin a yi magana da su tukuna. Yawancinsu ba su da wahalar samu, gidajen kiɗa sanannu ne a garuruwansu.

Wajen tura fayil ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin takarda, wato ta wurin da ake tura littafi ko wasiƙa. Idan ka tura ta wurin sauti, wayar mai karɓa za ta sauya sunan zuwa AUD da jerin lambobi, duk wahalar da ka sha ta tafi a banza. Ka kuma yi la'akari da datar mutane: kundin minti 90 a MP3 mai ingancin 128 (lambar ingancin sauti da kake zaɓa wajen fitar da fayil) yana kusa da megabait 90, a ingancin 192 kuma kusan megabait 130. Ga tsofaffin waƙoƙin kaset, na farkon ya wadatar. Wanda kuke tare da shi a gari, Xender ko Bluetooth sun fi sauƙi tunda ba sa cin data.

Dattawa da direbobi kuwa memori ya fi musu. Ka saya a wurin wanda ka amince da shi, domin akwai na jabu masu nuna girman da ba su da shi, sai waƙoƙin ƙarshe su ƙi buɗewa. Ka share shi tas a tsarin FAT32, wanda yawancin rediyoyin mota ke karantawa, sannan ka kwafa waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya bisa jerinsu, saboda ƙananan na'urori da dama suna bin tsarin da aka zuba fayilolin ne, ba sa duba lamba. Ka cire shi, ka mayar, ka kunna ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe. Naka kwafin, tare da uwar ɗauka ta WAV, ka ajiye shi a wuri biyu daban.

Idan ka miƙa kundin, ka roƙi wanda ka ba ya gyara maka abin da ya ga ba daidai ba. Kundin da na haɗa wa Kawu yana da waƙar ƙwarya guda, ta tara a jeri, wadda na rubuta wa "ba a tabbatar da mawaƙiya ba". Bayan mako biyu na je gaishe su, sai Inna ta kira ni daga tsakar gida ta ce ta san muryar, wata zabiya ce da ke zuwa bukukuwan unguwarsu lokacin tana budurwa, ta faɗa mini sunanta da ƙauyen da ta fito. Na tambayi wata tsohuwa sa'arta ita ma ta faɗi sunan nan ba tare da na fara ambata mata ba. A daren na gyara fayil ɗin da takardar rakiya, na rubuta daga bakin wa na ji, na sake tura wa mutum bakwai da na riga na ba kundin, tare da roƙon su goge na farkon.